Abincin Kare da Abin Gwaguyarsa: Tsakanin Lafiyar Jiki da Lafiyar Muhalli

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka, ciyar da kare ya zama babbar sana'a. Kamfanoni kan sarrafa abinci iri-iri su zuba a buhuna da gwangwanaye, kowanne da kirarin da aka rubuta masa a jiki: wannan babu hatsi a cikinsa, wancan naman sa ne zalla. Irin wannan abinci ya shigo kantunan manyan biranen Nijeriya, musamman saboda karnukan gadi. To amma kirarin ɗan kasuwa ba hujja ba ce a wurin masanin kimiyya. Tambaya ɗaya ce ta fi kowace muhimmanci, wato daga wace halitta aka samo furotin ɗin da ke cikin abincin? Amsarta ce ke nuna ko abincin zai karɓi jikin karen, ita ce kuma ke nuna nauyin da samar da shi ya ɗora wa muhalli.

Yadda Jiki Ke Ƙin Abinci

Aikin garkuwar jiki shi ne gane baƙon abu mai cutarwa, kamar ƙwayar cuta, ta yaƙe shi. Sai dai wani lokaci takan yi kuskure, ta ɗauki wani furotin na abinci a matsayin abokin gaba. Idan haka ta faru, wasu ƙwayoyin jiki sukan saki sinadarai irin su histamin, waɗanda ke haddasa kumburi da ƙaiƙayi. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira alaji. A jikin kare, alamominsa su ne yawan susa, da lasar ƙafafu, da ciwon kunne mai tafiya yana dawowa, wani lokaci har da amai ko zawo.

Mutane da yawa sun ɗauka hatsi ne ke jawo wannan matsala, amma bincike bai goyi bayan haka ba. A shekarar 2016, Ralf Mueller da abokan aikinsa sun tattara bayanan karnuka 297 masu alajin abinci. Sun sami cewa naman shanu ne ya fi yawa da kashi 34 cikin ɗari, sai madara da dangoginta kashi 17, kaza kashi 15, alkama kuwa kashi 13. Tun kafin nan, a shekarar 2013, masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa kare yana da kwafi da yawa na ƙwayar gadon da ke sarrafa sinadarin narkar da sitaci, alhali kakansa kyarkeci biyu kawai gare shi. Ke nan daɗewar da kare ya yi yana cin ragowar abincin ɗan Adam ta sa cikinsa ya iya da hatsi. Har ila yau, a shekarar 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara binciken rahotannin wani ciwon zuciya a karnukan da ke cin abinci marar hatsi, wanda aka cika da wake da dangoginsa. Binciken bai tabbatar da cewa abincin ne sanadi ba, amma ya isa gargaɗi ga mai bin yayi ido rufe.

Gwajin da Ke Gano Gaskiya

Ba kowace susa ce ke fitowa daga abinci ba. Cizon ƙuma da ƙurar muhalli sun fi abinci yawan jawo ƙaiƙayi, don haka likitan dabbobi yakan fara kawar da su tukuna. Bayan nan sai a yi gwajin da ya ginu kan ƙa'idar da kowane ɗalibin kimiyya ya sani, wato a sauya abu ɗaya, a bar sauran yadda suke. Akan ɗora karen a kan furotin ɗin da bai taɓa ci ba, ko kuma wanda aka farfasa ƙanana ƙwarai yadda garkuwar jiki ba za ta gane shi ba, har tsawon mako takwas. Idan susar ta lafa, sai a mayar da tsohon abincin. In ta dawo, to an kama mai laifi.

Abin Gwaguya Ma Abinci Ne

A nan ne masu karnuka suka fi yin tuntuɓe. Gwaguya ɗabi'a ce ta kare, tana rage dattin haƙori, tana kuma kwantar masa da hankali. Amma abin gwaguyar da aka fi sayarwa fatar saniya ce, irin wadda ake yin ganda da ita, an tsage ɓangarenta na ciki, an wanke da sinadarai, an busar. Karen da jikinsa ke ƙin naman shanu, idan aka ba shi wannan fata a lokacin gwaji, to wahalar mako takwas ta tashi a banza. Haka nan busasshen cukun da ake kawowa daga ƙasar Nefal, madara ce, ita ce kuwa ta biyu a jerin da aka ambata.

Akwai kuma haɗarin da bai shafi alaji ba. Guntun fata yakan kumbura ya toshe hanji, dafaffen ƙashi yakan tsattsage ya huda shi, ƙahon barewa kuwa yakan fasa turamen haƙori. Shi ya sa likitocin haƙorin dabbobi kan ba da wata ƙa'ida mai sauƙi: abin da farcen babban yatsa bai iya lotsawa ba, ya yi wa haƙorin kare tauri.

Nauyin da Muhalli Ke Ɗauka

A darasin sarƙar abinci an koyar da cewa kimanin kashi 10 cikin ɗari ne kawai na kuzari ke wucewa daga wani mataki zuwa na gaba. Saboda haka nama yana cin ƙasa da ruwa fiye da hatsi. A shekarar 2017, Gregory Okin na Jami'ar Kalifoniya ya ƙiyasta cewa da karnuka da kyanwoyin Amurka miliyan 163 ƙasa ce mai zaman kanta, da ita ce ta biyar a duniya wajen cin nama. Nama kuma suna ya tara. Wani babban nazari na shekarar 2018 ya nuna cewa samar da giram 100 na furotin daga shanun yanka yana fitar da iskar ɗumamar yanayi kimanin kilo 50, na kaza kuwa bai kai kilo 6 ba. Abin lura a nan shi ne, naman da ya fi tayar da alaji shi ne kuma ya fi yi wa muhalli nauyi.

Hanyoyi biyu ake bi don rage wannan nauyi. Ta farko ita ce amfani da kayan ciki, kamar huhu da tumbi da hanta, waɗanda yawancin Amurkawa ba sa ci, alhali suna da amfani ƙwarai a jiki. Sai dai wannan hujja tana da iyaka, domin a ƙasar Hausa kayan ciki abincin mutane ne mai daraja, ba abin zubarwa ba. Ta biyu ita ce tsutsar wani baƙin ƙuda da masana ke kira Hermetia illucens, wadda ake kiwatawa da ragowar abinci cikin 'yan makonni. A shekarar 2019 aka fara sayar da abincin kare na Yora a Ingila, wanda aka yi da ita. Kasancewarta sabon furotin ga yawancin karnuka ya sa ake sa ran za ta taimaka wa masu alaji, ko da yake babu furotin ɗin da jiki ba zai iya ƙi ba.

Kammalawa

Mai neman abincin kare ya kamata ya juya buhu ya karanta jerin kayan haɗi, ya guji wanda aka rubuta masa nama kawai ba tare da an faɗi dabbar ba. Ya lissafa abin gwaguya cikin abinci, ya kuma tuntuɓi likitan dabbobi kafin ya yanke hukunci cewa alaji ne. Ga ɗalibi kuwa, kwanon kare ya isa ɗakin gwaji, domin darasin garkuwar jiki da na gado da na sarƙar abinci duk sun haɗu a cikinsa.