Gani Odutokun: Mai Zanen da Ya Bar Fenti Ya Yi Tafiyarsa

 

Shirinmu na yau a kan wani mai zane ne da ya yi rayuwar aikinsa a nan kusa da mu mutanen Kaduna, a Samaru ta Zariya. Sunansa Gani Odutokun. A Legas da Landan masana zane sun san shi sarai. A nan gida kuwa, idan ka ambaci sunan a tasha ko a bakin kasuwa, da wuya ka sami wanda zai ɗaga kai. Wannan abu yana damuna, shi ya sa na kawo muku shi.

An haife shi a 1946 a garin Nsawam na ƙasar Gana. Iyayensa Yarabawa ne 'yan asalin Offa ta Jihar Kwara, fatauci ya kai su can. Sai da ya yi aikin akawu kafin ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ya karanci zane. Ya gama digirin farko a 1975, na biyu a 1979, kuma a sashen da ya yaye shi ya zauna yana koyarwa har ƙarshen ransa. Sashen nan ba ƙaramin wuri ba ne. A Zariya ne a 1958, tun makarantar ba ta zama jami'a ba, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyar ɗalibai, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Turawa kaɗai ba, sai sun haɗa da abin da suka gada. Gidan da Gani ya shigo ke nan.

To, mene ne ya bambanta shi?

Akwai wani salo da ya ɓulla a Faransa, wanda marubuci André Breton ya shelanta a birnin Paris a 1924. Mu kira shi zanen mafarki. Masu wannan salo sun ce ido a farke ba ya ganin komai da komai, akwai gaskiyar da sai a mafarki take fitowa. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Salvador Dalí ɗan Sifaniya, mai hoton agogunan da suka narke suna rataye, na 1931. A Najeriya, idan ana maganar salon, Abayomi Barber na Legas ake fara ambata. Gani ya fi ƙarfin a ɗaure shi da suna guda, amma a ganina ya sha ruwa ɗaya da mutanen nan ta hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce yadda yake aikin kansa. Yakan tsinka fentin mai har ya zama ruwa-ruwa, ya zuba a kan ƙyallen zane, ya bar shi ya gangara. Launi ya bi inda ya ga dama, ja ya kutsa cikin shuɗi, wani wuri ya taru, wani wuri ya tsage. Sai bayan nan mai zane ya tsaya ya ƙura ido, ya ga abin da ya fito, sannan ya sa hannu ya fito da fuska ko jiki ko taron mutane daga cikin abin da ba shi ya shirya ba. Ya ɗauki wannan a matsayin yadda rayuwa take: rabi abin da ya faɗo maka katsaham, rabi abin da ka tsara da hankalinka. Tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri, waɗanda suka yi aiki a ɓangaren rini da buga zanen atamfa, za su gane wannan magana fiye da kowa, don sun san launi yana da halinsa, kuma gwani shi ne wanda ya san lokacin da zai tare shi da lokacin da zai ƙyale shi. Kada wani ya ce ai wasa da fenti ne. Mutumin da bai iya zana hannu da ƙafa daidai ba, ko ya zuba galan goma, taɓo kawai zai samu. Gani ya ƙware a zanen gawayi da fensir, wannan ƙwarewa ce ta ba shi ikon sakin linzami.

Hanya ta biyu ita ce abin da yake zanawa. Ku ɗauki hotonsa na 1991 mai suna Hira da Mona Lisa. Mona Lisa dai ita ce matar nan da Leonardo da Vinci ya zana shekaru fiye da 500 da suka wuce, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Louvre. Gani ya sauko da ita daga bango ya ba ta aiki: ga ta tana sassaƙa mutum-mutumin Afirka, shi kuma mutum-mutumin yana riƙe da burushi yana zana ta. A farke wannan ba ya yiwuwa. Amma ku dubi abin da ya faɗa ba tare da ya buɗe baki ba. An daɗe ana koya mana cewa Turai ce malama, mu ɗalibai. Alhali mai zane Picasso da abokansa sun ɗebi abubuwa da yawa daga sassaƙen Afirka a farkon ƙarni na 20. A hoton Gani kowa na ƙera ɗan'uwansa, babu na sama babu na ƙasa.

Sai kuma jerin hotunansa na sarki, musamman wanda ya kira Sarki Na Raha da Janar-janar Ɗinsa. Ya yi shi a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, shugaban da aka sani da murmushi. Waɗanda suka yi wayo a lokacin suna tuna cewa a 1986 an harbe Janar Mamman Vatsa, abokin shugaban tun ƙuruciya, bisa zargin shirya juyin mulki, kuma a 1990 aka yi yunƙurin juyin mulki na Gideon Orkar. A irin wannan fada, idan sarki ya yi raha, wa zai ƙi dariya? Kuma wa ya san abin da ke cikin zuciyar mai dariyar? Lokacin ana rufe jaridu, ana tsare 'yan jarida. Gani bai rubuta sunan kowa ba. Ya ce sarki ne, kuma duk mai ido ya gane.

Bai tsaya ga nasa aikin ba. Shi da abokan aikinsa irin su Jerry Buhari, ɗan Kudancin Kaduna daga yankin Kachia, da Jacob Jari da Tonie Okpe, sun kafa ƙungiya a Zariya wadda ta riƙa fitar da mujallar zane mai suna The Eye, don masu zanen Arewa su sami inda za a yi rubutu a kan aikinsu ba sai sun jira Legas ba.

A watan Fabrairun 1995, yana dawowa daga baje kolin zane a cibiyar Goethe da ke Legas, hatsarin mota ya rutsa da shi a hanya, ya rasu yana da shekara 48. Allah Ya jiƙansa. Shekara 5 bayan haka, a 2000, Jacob Jari ya shirya baje kolin ayyukansa da na waɗanda suka bi sawunsa a zauren Brunei na makarantar SOAS a Landan.

Iyaye da malaman makarantun unguwanninmu, idan kuna da yaron da littafinsa ya cika da zane-zanen da ba ku gane kansu ba, kada ku yaga. Ku sa shi a mota wata rana ku kai shi Samaru, ya zaga lambun sassaƙe na sashen zane, ya ga ɗalibai a bakin aiki, ya yi musu tambaya a kan Gani Odutokun.