Fim na Gwanaye da Fim na Kowa: Ina Bambancin Yake?

A zamanin da hoto yake fitowa daga fim, mai ɗaukar hoto a Jos yakan tarar da kwali iri biyu a kanti. Dukansu fim ne mai launi wanda ake wankewa a sami nagatif, kuma tun daga 1972, lokacin da kamfanin Kodak ya fito da hanyar wanki da ake kira C-41, ruwan magani ɗaya ake tsoma su a ciki. Amma ɗaya an rubuta masa cewa na gwanaye ne, kuɗinsa kuma ya fi. Da yawa sukan ɗauka dabarar 'yan kasuwa ce kawai. Alhali kuwa akwai dalili.

Fim abu ne mai nuna, kamar tumatir. Tun ranar da aka yi shi sinadaransa suke sauyawa a hankali, launinsa yana karkata. Manomin Filato da zai aika da kwando Ikko ba ya jira sai tumatir ya yi jajawur, yakan tsinke shi da sauransa domin ya ƙarasa a hanya. Haka ake yi wa fim na kowa, irin su Kodacolor da Gold: kamfani ya san zai yi watanni a kanti, ya yi wasu a cikin kyamara, daga Sallah ƙarama har babba, don haka aka gina shi ya jure jira. Na gwanaye kuwa, irin su Vericolor, ana fito da shi ne daidai lokacin da launinsa ya kai inda ake so, sa'an nan a tsayar da shi da sanyi. Umurnin Kodak shi ne a ajiye shi a ma'aunin sanyi 13 ko ƙasa da haka, a ɗauka, a wanke ba tare da ɓata lokaci ba.

A nan ne Jos ta yi sa'a. Garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, darensa na hunturu kuwa sai da bargo biyu. Fim ɗin da zai lalace a aljihun mota a Sakkwato cikin bazara, a Jos yakan daɗe da lafiyarsa. Duk da haka sanyin gari bai kai na firiji ba, kuma wanda ya sayi fim mai tsada wanda ya sha rana a tashar jirgin ruwa ya biya kuɗin abin da ya riga ya tafi.

Bambanci na biyu ya fi shafar masu biki. Fim na kowa yana ƙara wa launi kauri, ja ya yi ja sosai, atamfa ta haska, mai hoto ya yi murna. Na gwanaye an sassauta shi, domin ya riƙe haske da inuwa tare. A ce ango baƙi ne, ya sa farar riga da tsakar rana: in fim ya cika kaifi, ko dai aikin wuyan rigar ya ɓace, ko fuskar ta zama duhu. Ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi don mai hoto.

Sai dai ko na gwanayen ba da fatarmu aka auna shi ba. Shekaru da yawa masu wanki suna daidaita injinsu da katin Kodak mai hoton Baturiya, wanda ake kira Shirley. Binciken Lorna Roth na 2009 ya nuna cewa koken masu sayar da cakulan da kayan katako na cikin abin da ya sa aka gyara launin ƙasa-ƙasa. Saboda haka hannun mai wanki yakan rinjayi sunan da ke jikin kwali.

Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta tsawwala kuɗin fim, daga baya kyamarar dijital ta ƙwace kasuwar. Portra, wanda ya gaji Vericolor a 1998, har yau ana yin sa, haka ma Gold. Kodak tana kuma da Pro Image 100, na gwanaye wanda aka yi domin ƙasashe masu zafi, ba ya bukatar firiji.