Hitar ruwa mai zuƙo zafi daga iska: yadda ake kula da ita, da abin yi idan ta fara gardama

Wanda ya sayi gida ko ya kama haya a Amurka cikin 'yan shekarun nan, mai yiwuwa ya tarar da wani dogon tanki a gareji ko a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da fanka a kansa tana gurnani kamar firiji, tana huro iska mai sanyi. Wannan ita ce hitar ruwa mai zuƙo zafi daga iska, wadda masu gyara ke kira hit fam. Kamfanoni irin su Rheem da A. O. Smith da Bradford White ne suka fi sayar da ita, kuma ta ƙara yaɗuwa bayan dokar da aka kafa a 2022, wadda ta ba masu gida rangwamen haraji na kashi 30 cikin ɗari na kuɗinta, har zuwa dala 2,000.

Dalilin da ya sa ake rububinta shi ne kuɗin wuta. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce dumama ruwa na cin kusan kashi 18 cikin ɗari na makamashin da gida ke sha, kuma irin wannan hita kan yi aikin da rabin wutar da tsohuwar hita ke ci, ko ma kashi ɗaya cikin uku. Sai dai tana buƙatar kulawar da tsohuwar ba ta buƙata. Idan aka yi sakaci da ita, za ta ci gaba da ba da ruwan zafi, amma ribar da aka saye ta dominta za ta zurare ba a sani ba.

Yadda take aiki

Firiji na kwashe zafi daga cikinsa ya watsar a ɗaki. Ita kuwa tana kwashe zafin iskar ɗaki ne ta zuba a ruwa. Fanka na jawo iska ta bi ta kan wasu siraran bututu masu ɗauke da gas irin na na'urar sanyaya ɗaki. Gas ɗin ya sha zafin iskar, kwamfireso ya matse shi ya ƙara zafi, sannan ya zagaya jikin tankin ya dumama ruwan. Shi ya sa iskar da ke fitowa take da sanyi, kuma raɓa ke taruwa tana ɗiga ta wani ƙaramin bututu.

A cikin tankin akwai elemen biyu irin na tsohuwar hita, don kai ɗauki idan buƙata ta yi yawa. Bambancinsu babba ne: kwamfireso na jan wuta wajen wat 500, elemen kuwa yawanci wat 4,500. Duk abin da zai hana kwamfireso aiki zai tura hitar ga elemen, kuma a takardar kuɗin wuta za a gani.

Wurin da aka ajiye ta

Tun ran gini tun ran zane. Da yawa daga matsalolin wannan hita daga wurin ajiyarta suke. Tana son iska mai zafin digiri 4 zuwa 32 a ma'aunin Selshiyos, wato 40 zuwa 90 a ma'aunin Farenhait, da sarari mai yalwa. Ma'aikatar Makamashi na ba da shawarar sarari mai girman kimanin kubik mita 28, kwatankwacin ƙaramin ɗakin kwana, ko da yake wasu kamfanoni sun yarda da abin da bai kai haka ba. Idan a ƙaramin lungu aka kulle ta, za ta sanyaya iskar wurin, ta dawo tana shaƙar sanyin da ta fitar. Maganin shi ne a sa ƙofa mai ramukan iska, ko a ja mata bututun iska zuwa waje. Haka kuma kada a jibga akwatuna da buhunan shinkafa a jikinta.

A garejin da ba a dumamawa, a wurare masu tsananin hunturu kamar Minesota ko Ohayo, kwamfireso kan tsaya da kansa idan sanyi ya yi yawa, elemen su karɓi aiki. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka tsara ta.

Idan ruwan zafi na ƙarewa da wuri

Wannan shi ne ƙorafin da ya fi yawa, musamman a gidajenmu masu jama'a, inda kowa ke son wanka da alwala da asuba kafin a watse makaranta da wurin aiki. Kwamfireso a hankali yake dumama ruwa: tankin galan 50, wato wajen lita 190, na iya ɗaukar sa'o'i kafin ya dawo da zafinsa idan aka zazzage shi.

Kafin a kira mai gyara, a duba allon da ke gabanta. Saitin da aka rubuta Heat Pump kwamfireso kaɗai ke aiki, shi ya fi tattalin wuta amma ya fi jinkiri. Wanda aka rubuta Hybrid ko Energy Saver na haɗa biyun, kuma shi ya fi dacewa da yawancin gidaje. High Demand na ranakun baƙi ne, kamar Sallah ko suna. A tuna a mayar da shi bayan an watse. A hunturu kuma ruwan da ke shigowa daga waje ya fi sanyi, don haka tankin da ya wadatar a watan Yuli na iya gazawa a Janairu. Gidan da ke da mutum biyar ko fiye yawanci tankin galan 65 ko 80 ya fi masa.

Zafi nawa ya kamata?

Akwai haɗari ta ɓangarori biyu. Ƙwayar cutar Lejiyonela, mai haddasa ciwon huhu mai tsanani, tana hayayyafa a ruwa mai ɗumin digiri 20 zuwa 45. Ruwa mai digiri 60 kuma na iya ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu, kuma yara da tsofaffi sun fi saurin ƙonewa. A Amurka an saba saita hita a digiri 49, wato 120 a Farenhait. A Birtaniya hukumar kula da lafiyar wuraren aiki na cewa a ajiye ruwan tanki a digiri 60, kuma yawancin na'urorin can na ɗaga zafin tanki lokaci-lokaci, galibi sau ɗaya a mako, don kashe ƙwayar. Kada a kashe wannan saiti don neman ragin kuɗi.

Hanyar da ke haɗa biyun ita ce mai gyaran famfo ya sa bawul mai surka ruwa a bakin tanki. Ruwan ciki ya zauna da zafi sosai, wanda ke isa bayi kuma ya fito a surke. Wannan na sa ruwan zafin ya ƙara auki.

Kulawar yau da kullum

Matatar iska, wadda ke saman hitar, ita ce farko. A zare ta duk wata uku, a wanke da ruwa da ɗan sabulu, a bari ta bushe sarai kafin a mayar. Idan hitar na kusa da injin busar da tufafi, a riƙa dubawa kowane wata, domin burbushin auduga na toshe ta da wuri.

Na biyu shi ne bututun raɓa. Gansakuka da datti kan toshe shi, ruwa ya taru ya malala a ƙasa. A tabbatar bai lanƙwashe ba, kuma yana gangarawa zuwa magudana.

Na uku, bawul ɗin tsaro da ke gefen tanki, wanda ke buɗewa da kansa idan matsin ruwa ko zafi ya wuce kima. Sau ɗaya a shekara a ajiye bokiti a ƙarƙashin bututunsa, a ɗaga hannunsa kaɗan a saki. Ruwa zai fito da zafi, a kula da ƙafa. Idan bai fito ba, ko ya ƙi tsayawa, a canja bawul ɗin. Ko kusa kada a toshe bakinsa don yana ɗiga, domin shi ke hana tanki fashewa.

Na huɗu, wanke laka. A wuraren da ruwa ke da farar ƙasa, kamar Landan da kudu maso gabashin Ingila ko sassan Tekzas da Arizona, gari kan kwanta a gindin tanki. A kashe wutar hitar daga babban akwatin wutar gida, a jona tiyo a famfon da ke ƙasa, a zubar da ruwa har ya fito garau. Idan an zazzage tankin duka, a cika shi har sai ruwa ya zubo ba tsayawa daga famfon zafi kafin a kunna wuta. Elemen da ya kama a busasshen tanki nan take yake ƙonewa.

Na biyar, sandar anod. Ƙarfe ne da aka sa a ciki don tsatsa ta ci shi maimakon jikin tanki. Idan ya cinye, tankin ne zai fara ruɓewa. A sa mai gyara ya duba ta duk shekara biyu ko uku, domin a irin wannan hita sau da yawa tana ƙarƙashin murfin sama ne.

Alamomi da abin da suke nufi

Ruwa a ƙasa: a fara da bututun raɓa, sannan bawul ɗin tsaro da mahaɗan bututu. Idan daga jikin tankin ne, ba ya gyaruwa. A kashe wuta da ruwa, a nemo takardar garanti, wanda manyan kamfanoni kan bayar na shekara 10.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai a ruwan zafi kaɗai: yawanci ƙwayoyin halitta ne ke haɗuwa da sandar anod ta maganiziyam, musamman a gidajen da ke amfani da ruwan rijiya. Ana maganinsa da canja sandar zuwa wani iri.

Kuɗin wuta ya tashi, kuma an daina jin ƙarar fanka: alama ce hitar ta koma kan elemen. A duba saiti, da matata, da sanyin ɗakin. Idan duk lafiya, sai mai gyara.

Lambar gargaɗi a allo: a ɗauki hotonta kafin a kashe a kunna. Ma'anar lambobin ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma tana cikin littafin da ya zo da hitar.

Kafin tafiya gida ko Umara

Mai tafiyar makonni ya sa saitin Vacation. Da ya dawo, ya mayar da saitin da aka saba, ya bari ruwan ya yi zafi sosai kafin wanka. Akwai kuma gargaɗin da kamfanoni ke rubutawa, mutane ba sa karantawa: tankin da ya yi mako biyu ko fiye ba a taɓa shi ba na iya tara iskar haidirojin, mai saurin kama wuta. A buɗe famfon zafi na kicin na wasu mintuna kafin a kunna injin wanki ko na wanke-wanke, kuma kada a kunna ashana ko turaren wuta a kusa lokacin.

Ɗan haya da aikin ƙwararru

Ɗalibi ko ɗan haya na iya wanke matata da duba saiti, amma gyara nauyin mai gida ne. A Ingila dokar haya ta 1985 ta ɗora masa kula da kayan dumama ruwa. A birnin Niyok wajibi ne ya samar da ruwan zafi mai aƙalla digiri 120 na Farenhait duk shekara. A sanar da shi a rubuce, a ajiye kwafi.

Abu uku ba na mai gida ba ne, komai iya hannunsa: gas ɗin cikin kwamfireso, wanda doka a Amurka da Birtaniya ta ce sai mai lasisi zai taɓa, wayoyin wuta, domin yawancin waɗannan hitoci na kan bolt 240, da tankin da ke rufe ƙarƙashin matsin ruwa a Birtaniya, wanda injiniya mai takardar G3 ya kamata ya duba sau ɗaya a shekara. A manna takarda a jikin tanki ana rubuta ranar kowane aiki, a kuma adana rasiɗan mai gyara, domin kamfani na iya neman su ranar da aka je karɓar garanti.