Wa ke duba mai duba kurakurai?

A zangon karatun da ya wuce, mu huɗu aka haɗa mu aikin rukuni: mu rubuta 'yar ƙaramar manhajar gano kurakurai da harshen Python, tare da gwaje-gwajen da za su tabbatar tana aiki. Da muka haɗa rubutunmu wuri guda, sai muka tarar kowa da salonsa. Wani yana barin gurbi biyu a farkon layi, wani huɗu, wata kuma layinta ya yi tsawon da sai an ja allo kafin a ga ƙarshensa.

Muka ce ai wannan ado ne kawai, tunda duk gwaje-gwajen suna nuna lafiya lau. Sai da muka zauna daidaita rubutun layi-layi muka gano wani gwaji da ya kamata ya duba sakamako goma, amma na ƙarshe kaɗai yake dubawa. Layin binciken ya koma baya da gurbi kaɗan, ya fice daga sashen da ke maimaitawa. Mako biyu yana yaudararmu.

Ba ɗalibai kaɗai wannan ke faruwa da su ba. A shekarar 2014 an gano wani layi da aka maimaita sau biyu a manhajar tsaron intanet ta kamfanin Apple. Tazarar farkonsa ta sa ya yi kama da yana ƙarƙashin wani sharaɗi, alhali kullum yake aiki, yana sa a tsallake tantance sa hannun shafuka. A 2016, GCC ta 6 ta zo da gargaɗi na musamman kan irin wannan tazara mai ruɗarwa.

Shi ya sa manyan ayyuka ke da ƙa'idar rubutu. Python na da PEP 8 tun 2001: gurbi huɗu, kuma layi kada ya wuce harafi 79. Masu rubuta cibiyar Linux kuwa Tab mai faɗin takwas suke amfani da shi. Ba wanda ya fi wani. Abin da ake so shi ne kowa ya bi hanya ɗaya. Gwaje-gwaje sun fi buƙatar hakan, domin idan ma'auni ya karkace, duk abin da aka auna da shi ya karkace.

Idan kuna da aikin rukuni, ku amince da salo ɗaya tun ranar farko, ku bar manhaja irin Black ta riƙa daidaita muku. Ku gudanar da gwaje-gwaje kafin gyaran da bayansa. Kada kuma ku cakuɗa gyaran tsari da sauya aikin manhaja a lokaci guda, don mai dubawa ya san abin da ya canza.

Mun miƙa aikinmu ana saura kwana ɗaya, sakamako goman nan duk ana duba su.