Ku San Ƙasarku: Yawon Buɗe Ido Daga Yola

Jama'a, ba sai an ƙetare teku ake ganin abin al'ajabi ba. Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, tana tsakanin duwatsu da koguna masu ban sha'awa.

Wanda ya haye gadar Binuwai a Jimeta ya nufi arewa, zai ga duwatsun nan uku na Song. Can gaba, a ƙasar Madagali, akwai Sukur bisa duwatsun Mandara. A 1999 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce ta fari a Nijeriya. Ta yamma kuwa akwai Numan, mahaɗar Gongola da Binuwai, inda ake kama hanyar madatsar ruwa ta Kiri.

Amma fa a kula. Tafiyar rani ta fi, gama da damina ruwa yakan yanke hanyoyin duwatsu. A sa bakanike ya duba birki da tayoyi. Kada a yi tafiyar dare. Mai niyyar Madagali ya fara neman shawarar jami'an tsaro. In an isa, a gai da mai gari, a nemi ɗan jagora.