Majigin Mayu Ba Ya Koya Wa Yaro Maita

Na gaji da wata magana da ke yawo a bakin iyaye, wai yaron da ya lizimci kallon finafinan Turawa na mayu da masu sihiri, irin su Harry Potter da aka fara nunawa a 2001, ko The Witches na 1990, sannu a hankali maita za ta shige shi, domin wai kalmomin da 'yan wasan ke furtawa ɗalasimai ne na haƙiƙa. Alhali kuwa finafinan nan tatsuniya ce mai ɗan ban tsoro, wadda aka shirya wa yaran da suka fara mallakar hankalinsu.

Zancen nan ba shi da hujja ko ta anini. Yawancin kalmomin marubuciyar littafin Harry Potter, J.K. Rowling, ita ce ta ƙaga su daga harshen Latin, kuma da a ce suna da tasiri, da samarin da suka shekara goma suna nanata su gaban kyamara har 2010 sun riga kowa tashi sama. Mummunar fuskar shugabar mayu a The Witches roba ce aka manna wa Anjelica Huston, ɓerayen da ke magana kuwa 'yan tsana ne daga ma'aikatar Jim Henson. Mu da muka yi barci da labarin Dodo a bakin kakanninmu, wane ne cikinmu ya wayi gari da wutsiya?

Abin tsoron shi ne mugun zato. A garin Salem na Amurka, a 1692, ƙazafin maita da 'yan mata suka yi ya sa aka rataye mutum 19. A nan ma yaro kan yi sambatun zazzaɓi ya ambaci wata tsohuwa, nan take a taru a kanta wai ta kama kurwarsa, a tilasta mata ta tsallaka shi, maimakon a kai shi asibiti.

Saboda haka wajibi ne uba ya fara kallon fim kafin ɗansa. Kada a bar ƙanana su kalla, balle da dare su kaɗai a ɗaki. Wanda ya kai munzali a zauna tare da shi, a nuna masa dabarar kyamara, a sanar da shi cewa sihiri haramun ne a shari'a, a kashe akwatin talabijin in an kira salla. In kuma ya nuna wata gyatuma ya ce mayya, a tsawata masa nan take, a tura shi ya gaishe ta.