Waƙa a Bakin Mai Ita

Akwai wata 'yar tambaya da ke ɗaure harshen masu fasaha da yawa: me kake yi ne? Mutum zai shekara goma yana zane, ko ɗaukar hoto, ko sassaƙa, ko ɗinkin aska takwas a gaban babbar riga, hannunsa ya faɗa sarai, amma ran da aka miƙo masa takarda aka ce ya rubuta layi goma a kan aikinsa, sai ka ga ya kama sosa ƙeya.

Wannan 'yar takarda ita ce bayanin mai fasaha. Yawanci takan tsaya tsakanin kalmomi 100 zuwa 300, wato rabin shafi ko ƙasa da haka, kuma mai aikin ne ke magana a cikinta da bakinsa, yana cewa "ni". Ta bambanta da takardar da ke jera makarantun da mutum ya yi da wuraren da ya taɓa nuna aikinsa. Ta kuma bambanta da taƙaitaccen tarihin rayuwa, wanda ake rubutawa kamar wani ne ke ba da labarinka. Waɗancan biyun inda ka bi suke faɗa. Ita kuwa wannan, aikinta ta faɗi abin da kake yi, da abin da kake yin sa da shi, da abin da ya hana ka bari. Ana manna ta a bango kusa da aikin, ana buga ta a ɗan littafin baje koli, kuma da wuya ka nemi shiga wani babban wuri ba a tambaye ka ita ba, ko bikin Dak'Art ne na birnin Dakar, ko taron masu ɗaukar hoto na Bamako da aka fara a 1994, ko neman tallafi daga wata gidauniya irin Prince Claus ta ƙasar Holan. Masu tace sunayen suna zaune da tulin takardu a gabansu. Ba su san ka ba, ba su taɓa jin sunan unguwarku ba. Hotunan aikinka da wannan rabin shafin su ne kaɗai wakilanka a ɗakin.

Shekara biyu da suka wuce na leƙa wani baje kolin ɗalibai masu kammala karatun zane. A wata kusurwa na ga zane shida, dukkansu na kwanukan jere: fanteka, langa, kumbo, masu furanni ja da shuɗi irin waɗanda muka taso muna gani a ɗakunan iyayenmu. Aikin ya tsayar da ni. A gefe ga takardar bayani da Turanci, wai aikin yana tuhumar sararin da ke tsakanin tunawa da asali ta hanyar rushe ma'anar abin gida. Sau uku na karanta, ban tsinci komai ba. Mai zanen tana tsaye kusa, yarinya ce da ba za ta wuce shekara ashirin da uku ba.

Na ce, "Malama, ke kika yi waɗannan?"

Ta ce, "Ni ce, Baba."

"To me ya kai ki ga kwanuka?"

Ta yi 'yar dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. Ta ce jeren kakarta ne. Tun tana ƙarama take ganin su shaƙe da kabet, ba a cin abinci a cikinsu, sai dai a sauke a goge a mayar. Duk lokacin da wata lalura ta taso, kuɗin makarantar jika ko na asibiti, sai tsohuwar ta ciri ɗaya ta ba dillaliya. Kafin ta rasu, abin da ya rage a kan katakon sai shatin gindin kwanuka, da'ira-da'ira, inda ƙura ba ta taɓa sauka ba. "Shi ya sa a kowane zane nake barin da'ira ɗaya fara, Baba. Wurin kwanon da aka sayar ne."

Na juya na sake duban zanen. Ga fararen da'irorin nan kuwa, waɗanda da farko na ɗauka fenti ne ya ƙare mata. Na ce to me ya hana ta rubuta wannan a takardar? Ta ce, "Ai Baba wannan hira ce. An ce mana sai an sa manyan kalmomi." Ta kuma amsa cewa ta duba na wasu a intanet ta ɗan tsakuro.

Ba laifinta ba ne ita kaɗai, ciwon ya game duniya. A 2012 wasu mutum biyu, Alix Rule da David Levine, sun tattara dubban sanarwar baje koli da kafar e-flux ta aika wa jama'a cikin shekaru, suka bi su da kwamfuta suna ƙirga kalmomi. Suka nuna cewa duniyar zane ta ƙirƙiro wa kanta wani irin Turanci na daban, mai dogayen jimloli da wasu kalmomi da ake ta juyawa, wanda suka ce ya samo asali ne daga fassarar littattafan falsafar Faransa da Jamus. Ɗalibi a Zariya ko Yamai zai ga irin wannan rubutu ya zaci shi ne rigar shiga fada, sai ya aro. Matsalar rigar aro ita ce duk wanda ya sa ta kamarsu ɗaya da sauran. Mai tace takardu da ya karanta "asali" da "sarari" sau ɗari tun safe ba zai tuna na ɗari da ɗaya ba. Kakar da ke sayar da langa kuwa, zai kai labarinta gida.

Mu a nan muna da wani ƙarin cikas, wato kunya. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma gani ya kori ji, don haka mai aiki ya yi shiru aikinsa ya yi magana. Gaskiya ne, sai dai al'adar da ta koya mana wannan ita ce kuma ta ware wa mai sana'a wurin da zai faɗi ko shi wane ne. Ɗan dambe yana da kirarinsa, maharbi yana da nasa. Marubutan waƙoƙin ajami sukan rufe waƙa da sunansu, wasu har su saka shekarar da suka yi ta cikin ramzi. Manyan makaɗa kuma suna da bakandamiya, waƙar da makaɗi ke juyo da kiɗan kansa ya faɗi matsayinsa a sana'ar. Narambaɗa yana da tasa, Mamman Shata yana da tasa, kuma masu nazari har yau can suke komawa in suna son sanin yadda waɗannan mutane suka ɗauki waƙa. Ashe maganar mai fasaha a kan fasaharsa ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Amma a kula, bakandamiya cika baki ce a gaban abokan hamayya, kuma a wannan fagen ta dace. Bayanin da ake mannawa a bango ba fagen nan ba ne. Da zarar ka rubuta cewa aikinka na musamman ne, ko yana taɓa zuciya, ko ba a taɓa yin irinsa ba, ka shiga gonar mai kallo, don shi ke da wannan hukuncin. Naka shi ne ka ba shi abin da idonsa ba zai iya gano masa ba, kamar dai farar da'irar nan.

Wanda ya fi koya mini wannan darasi shi ne Ibrahim El-Salahi, mai zanen nan na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malami ne mai koyar da Alƙur'ani, don haka da allo da tawada ya buɗe ido. Ya tafi Landan ya yi karatu a makarantar zane ta Slade daga 1954 zuwa 1957, ya dawo Khartoum da gwanintar zana mutane da filaye yadda Turawa suka koya masa. Ya shirya nunin aikinsa, mutane suka zo ranar buɗewa, daga nan ƙafa ta ɗauke. Shi da kansa ya sha ba da wannan labari. Maimakon ya ce jama'a ba su waye ba, sai ya shiga duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu da abin da idonsu ya saba da shi, ya tarar rubutun Larabci ne da adon kayan hannu. Sai ya koma kan harafi, yana warware shi, yana fitar da fuskoki da siffofi daga cikin lanƙwasarsa. Daga wannan juyi, tare da wasu abokan aikinsa, aka samu salon da ake kira Makarantar Khartoum. A farkon shekarun 1960 har Ibadan aka nuna aikinsa, a kulob ɗin Mbari.

A 1975 gwamnatin Numeiri ta tsare shi a kurkukun Kobar fiye da wata shida ba tare da shari'a ba, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. A can ma bai bar zane ba. Yana yi a kan 'yan guntayen takardar buhun siminti, yana binne su cikin yashi kada masu gadi su gani. Daga baya wannan ya zama hanyar aikinsa: ya fara da ɗan ƙaramin yanki, ya riƙa ƙara wani a gefensa har hoton ya girma kamar tsiro. Da ya manyanta kuma, yana zaune a Ingila, sai ya duƙufa a kan wata itaciya ta bakin kogin Nilu da Sudanawa ke kira haraz. Mu gawo muke ce mata. Duk manomi ya san halin gawo: da damina, lokacin da kowace itaciya ta yi shar, shi yake kaɗe ganyensa ya tsaya tsirara, sai rani ya shigo kowa ya bushe sannan ya yi kore. El-Salahi ya ga halin mai tsayawa a kan ra'ayinsa a jikin wannan itaciya, ya yi jerin zane masu yawa da sunanta. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi babban nunin ayyukansa na tsawon rayuwa.

Abin lura a nan shi ne, in ka ce mutumin nan ya bayyana kansa, abubuwan da zai ambata duka ana iya taɓa su da hannu: allo, harafi, takardar siminti, gawo. Kuma bai samu ko ɗaya daga cikinsu a zaune yana neman kalmomi ba. Aikin ne ya riga, maganar ta biyo baya.

Haka ma a gida. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun yi bayani na taro. A 1960 Okeke ya rubuta manufarsu, cewa a haɗa dabarun da aka koyo daga Turawa da gadon da kowa ya tarar a gidansu. Manufar ta yi nauyi ne saboda an gan ta a aiki: shi Okeke ya koma kan uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango.

Sai kuma mai tukwane Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. A 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yau, ta zaga Turai da Amurka tana nuna gwaninta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Amma yawancin abin da muke karantawa a kanta wasu ne suka rubuta. Nakan so a ce wani ya zauna da ita da rakoda, ta faɗa da Gbagyi ko da Hausa dalilin da ya sa ƙadangare da kunama da kifi suke yawan fitowa a jikin tulunanta. Rabin shafi daga bakinta da ya ishe mu.

Rakodar nan ma ita ce shawarar da nake ba duk wanda farar takarda ke ba shi tsoro. Ka ajiye biro tukuna. Ka samu wani wanda ba ya cikin harkar, ƙanwar mahaifiyarka ko abokinka mai shago, ka ajiye aikin a gabansa, ka kunna rakodar waya, ka bar shi ya yi ta tambaya. Me ya sa baƙi ya yi yawa? Wannan yadin daga ina? Don me kullum mutanen suke juya baya? Amsoshin da za ka ba shi, da harshen da kake mafarki da shi, a cikinsu bayaninka yake. Sai ka saurara, ka tsince jimla biyar ko shida da ba wanda zai iya faɗar su sai kai. Gwajin mai sauƙi ne: in za a iya cire jimla a manna ta a ƙarƙashin aikin wani ta zauna daidai, goge ta. "Tun ina yaro nake son zane" tana cikin waɗannan, kowa ma tun yana yaro ne. Ka ambaci kayan aikin da sunansu, baba ce ko jar ƙasa ko fatar akuya ko tsohuwar jarida. In wurin da za ka aika Turanci ko Faransanci suke so, a fassara daga baya, kuma ka tsaya a kan mai fassarar kada ya yi maka ado. Kada kuma ka ɗauka an gama ke nan har abada. Bayanin El-Salahi na 1957 ba zai yi daidai da na bayan Kobar ba, don haka duk lokacin da aikin ya sauya hanya sai a sake zama.

Ita yarinyar mai kwanuka, kafin in bar wurin na ara mata biro, ta juya bayan wata takarda ta rubuta a tsaye. Ta fara da cewa tana zana kwanukan jeren kakarta da fentin mai a kan katako, domin a kan katako suka zauna shekara arba'in. Ta faɗi yadda aka sayar da su ɗaya bayan ɗaya, da abin da aka biya da kuɗin, har da nata kuɗin makarantar. Ta rufe da cewa farar da'irar wurin wanda ya tafi ne, kuma tana auna faɗinta da ainihin gindin kwano. Layi bakwai ne. Ta tambaye ni ko ba su yi kaɗan ba, na ce ta manna mu gani. Ba ta da gam, sai wata ƙawarta ta ciro fil daga ɗankwalinta suka soke takardar a kan tsohuwar.